Abincin "bio" da tukunyar taro: Abin da masu girki a Briqueterie da Nkomkana ya kamata su sani

A manyan kantunan Yawunde da gidajen cin abinci na unguwannin masu hali irin su Bastos, kalmar "bio" ta zama abin tallar kaya. Ana liƙa ta a jikin kwalbar zuma, da ƙunshin ganye, da buhun kofi, farashi kuma ya ɗaga. A Briqueterie da maƙwabciyarta Nkomkana, waɗanda duk suke cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu, da wuya mutum ya ci karo da wannan tambari. Amma a nan ne masu tsire da kilishi, da masu tuwo da shinkafa, da matan da ke karɓar kwangilar girkin biki da suna da walima suke ciyar da jama'a dare da rana.

Tambayar da kalmar "bio" ke ƙoƙarin amsawa ta shafe su fiye da kowa: wa ya noma abin da ke cikin tukunya, da me ya noma shi, kuma yaya aka adana shi kafin ya iso kasuwa? Uwargida mai girkin gidanta idan ta yi rashin sa'ar kaya, mutum goma ne za su ci. Mai girkin taro kuwa ɗaruruwa ne ke cin hannunta a yini guda, kuma sunanta ne jarinta.

Mene ne "bio"?

Kalmar ta fito daga Faransanci, kuma tana nufin noman da ba a sa masa takin zamani, ba a yi masa feshin maganin ƙwari ko na ciyawa da aka haɗa a masana'anta, ba a kuma shuka irin da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike. Manomi yana ciyar da ƙasarsa da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, yana sauya shuka daga shekara zuwa shekara, yana haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, yana korar ƙwari da abubuwa irin su ruwan 'ya'yan darbejiya. A wajen kiwo, ana duba abin da dabba ke ci, da sararin da take samu, da yadda ake ba ta magani.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ke tsare wannan kalma. Gonar da aka saba yi wa feshi sai ta shekara biyu ba tare da sinadari ba kafin a kira amfaninta "bio", itatuwa kuwa shekara uku. Sannan wani kamfani mai zaman kansa, irin su Ecocert na Faransa, yana aiko da jami'i duk shekara ya duba gona da takardu, manomi ne kuma ke biyan kuɗin. Wannan ne ya sa a ƙasashe irin su Kamaru kayan da ke samun wannan shaida yawanci na fitarwa waje ne, kamar abarba da koko da kofi. Mai lambun latas mai kadada ƙasa da ɗaya ba shi da ƙarfin biyan kuɗin jami'in.

Kayan ƙauye ba lallai ne ya zama "bio" ba

Mutane da dama na ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga ƙauye tsarkakakke ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taro kan takin zamani a Abuja a 2006, manomin Afirka kudu da Sahara na zuba kimanin kilo 8 ne kacal a kadada, abin da ya sa taron ya sa burin kaiwa kilo 50. Rogo da gwaza da agada da yawa da ake ci a Yawunde sun girma ba su ga taki ba.

Kayan lambu kuwa labarinsu daban ne. Tumatir da tattasai da kabeji amfanin gona ne da ƙwari da cututtuka ke so, musamman a kudancin Kamaru mai yawan ruwan sama, don haka feshi ya zama ruwan dare. A jikin kowace kwalbar magani akwai wa'adin da ya kamata a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka. Manomin da ya ga farashi ya tashi, motar 'yan sari kuma na jiransa a bakin gona, ba kullum yake iya haƙurin cika wa'adin ba. Akwai kuma maganin da aka yi don auduga ko koko, amma ya ƙare a kan kayan miya. Ko masakwa, dawar rani da ake dasawa a ƙasar karal ta Arewa Mai Nisa, wadda aka san ta da rashin buƙatar taki, yanzu manoma da yawa da maganin ciyawa suke share filinta.

Bayan girbi ma da sauran rina a kaba. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a Kamaru kan masu nunar da agada da sauran kayan marmari da sinadarai, har da formol, wanda aka fi sani wajen adana gawa. A Najeriya hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da kabaid. Tarayyar Turai kuma ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, wato maganin da wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don hana ƙwari. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake yin ƙosai da alala da shi a kasuwannin yankin.

Daga ina kayan tukunyar Briqueterie ke zuwa?

Hausawa sun zauna a Yawunde tun zamanin mulkin Jamus, kuma fatauci ne ya kawo su. Unguwar Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga wajen yin bulo na wancan zamani, har yau ita ce cibiyar Musulmin birnin, kuma abincinta ya nuna inda mutanenta suka fito.

Shanun da ake tsire da kilishi da namansu daga Adamawa da sauran jihohin arewa suke zuwa, wasu a manyan motoci, wasu ta jirgin ƙasan da ya isa Ngaoundéré a 1974, tafiyar sama da kilomita 600. Ana yanka su a mayankar Etoudi ta kamfanin gwamnati SODEPA. Albasa daga wajajen Marwa da Garwa take saukowa, haka gyaɗar da ake ƙuli-ƙulin yajin tsire, da gero da dawa da wake. Tumatir mai yawa na zuwa daga Foumbot da ke jihar Yamma, ganyaye da kayan miya daga yankin Lékié, wato su Obala da Sa'a da Okola, latas da seleri kuma daga fadamun bakin gari irin su Nkolondom. Duk suna haɗuwa a kasuwannin Mokolo da Mfoundi da Huitième, a hannun dillalai da matan nan da ake kira bayam-sellam, masu saro kaya a ƙauye su sayar a birni.

Ragowar kayan tukunyar kuwa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala suke shigowa: mafi yawan shinkafar da ake ci daga Asiya take, alkamar burodi da fanke da taliya kusan dukkanta daga waje, haka madarar gari da daskararren kifi. Ƙasar na noma shinkafa a Yagwa ƙarƙashin SEMRY da kuma a Ndop, sai dai ba ta isar kasuwa.

Don haka idan an ce "abincin gida" a Briqueterie, ba lallai ana nufin abin da aka noma a kusa ba. Albasar Marwa ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, amma kuɗinta na komawa hannun manomi da direba da ɗan dako na ƙasar, kuma mai saye na iya bin sawunta har gona idan ya so. Buhun shinkafar da ya tsallako teku ba wanda zai iya bin sawunsa. Dogaro da kayan waje kuma yana da tsada ta wata fuskar. Tsadar abinci da man fetur na cikin abubuwan da suka tunzura tarzomar watan Fabrairun 2008 a biranen Kamaru, kuma a 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, masu gidan burodi da masu soya fanke sun ji a jikinsu.

Darasin daskararrun kaji

Kamaru ta taɓa nuna cewa masu saye na iya juya akalar kasuwa. Daga tsakiyar shekarun 1990 daskararrun kaji daga Turai suka cika kasuwannin ƙasar, har abin da ake shigowa da shi ya haura tan 20,000 a 2003. Suna da araha, masu gidajen abinci sun rungume su, masu kiwon kaji na gida kuma suka yi ta durƙushewa. Ƙungiyar ACDIC, ƙarƙashin marigayi Bernard Njonga, ta ɗauki samfurin kajin daga kasuwanni aka gwada su, sakamakon ya nuna yawancinsu ba su dace da ci ba saboda ƙwayoyin cuta, kasancewar suna narkewa su sake daskarewa a hanya. Matan gida da masu kiwo suka haɗa kai, gwamnati ta fara taƙaita shigowa da su, zuwa 2006 aka kusan rufe ƙofar baki ɗaya. Kiwon kaji na gida ya farfaɗo.

Kajin gidan gonar da suka maye gurbinsu ba "bio" ba ne, abincin kamfani suke ci, ana kuma ba su magunguna. Amma labarin ya nuna abu biyu: araha ba ta ado, kuma idan masu dafa abinci da masu ci suka fara tambaya, kasuwa na saurara.

Abin da wasu ƙasashe suka yi da tukunyar taro

 Wasu ƙasashe sun yi amfani da manyan kicin wajen ciyar da wannan fanni gaba: na makarantu, da asibitoci, da ma'aikatu. Dalili shi ne manomi ba zai sauya yadda yake noma ba sai ya tabbata akwai wanda zai saye kayansa da yawa, a kan kari, a farashin da aka yi magana tun kafin shuka.

A Brazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen sayen kaya daga ƙananan manoma. A Faransa, dokar EGalim ta 2018 ta ce daga 2022 rabin kayan da kicin ɗin gwamnati ke saye su zama masu inganci da ɗorewa, kashi 20 cikin 100 kuma su zama "bio", ko da yake wurare da yawa ba su cim ma wannan adadi ba. Wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, Mouans-Sartoux, ya mayar da abincin makarantunsa "bio" gaba ɗaya tun 2012. Garin ya buɗe gonar kansa, ya kuma riƙa auna abincin da yara ke ragewa har ya rage zubarwa da kusan kashi 80 cikin 100, kuɗin da aka tsimin ne ya cike gurbin tsadar kayan. Birnin Copenhagen na Denmark ya kai kusan kashi 90 cikin 100 a kicin ɗinsa ta hanyar koya wa masu girki dafa kayan da ke kakarsu, da rage nama, da daina sayen abincin gwangwani.

Akwai kuma misalin abin gudu. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, da nufin mayar da ƙasar gaba ɗaya noman "bio". Amfanin shinkafa da shayi ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar. Manyan nazarce-nazarce sun nuna cewa a matsakaici gonar "bio" na ba da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ƙasa da wadda ake sa wa sinadari. Ƙasar da ta gaji tana buƙatar shekaru kafin takin gargajiya ya dawo mata da ƙarfi. Gaggawa a wannan harka yunwa take haifarwa.

Shaidar jama'a maimakon ta kamfani

Tun da shaidar kamfanin waje ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, an ɓullo da wata hanya da Faransawa ke taƙaitawa da SPG. Manoma da masu saye da malaman gona na yanki ɗaya suna zama su rubuta ƙa'idoji, sannan su riƙa ziyartar gonakin juna suna dubawa. Wanda ya kiyaye a ba shi tambarin ƙungiya, wanda ya saɓa a ƙwace. Ƙungiyar manoman "bio" ta duniya, IFOAM, ta amince da wannan tsari. A Burkina Faso majalisar CNABio na ba da tambarin BioSPG. A Kamaru ƙungiyar GADD da ke Dschang ta taimaka wa manoman yankin Menoua suka kafa nasu mai suna Etso Mbong. Ƙungiyoyi irin su SAILD, mai buga jaridar manoma La Voix du Paysan, da CIPCRE ta Bafoussam, sun daɗe suna koyar da noma ba sinadari. Garin Dschang kuma, da haɗin gwiwar birnin Nantes na Faransa, yana mayar da sharar kasuwa da ta gidaje taki yana sayar wa manoma.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataucin goro da shanu tsakanin Kano da kurmi ya yi ƙarnoni yana tafiya a kan amana: fatoma ya san baƙonsa, dillali ya tsaya wa mai kaya, wanda ya ci amana kuma labarinsa ya riga shi isa zango na gaba. Mahauci a Briqueterie ya san dillalin da ya sayar masa da sa, dillalin ya san wanda ya ɗoro shi daga Ngaoundéré. Hanyar bin sawun kaya tana nan, abin da ya rage shi ne a ƙara tambayoyin da ake yi a kanta. Mai sayen nama ba ya sakaci da tambayar ko yankan Musulmi ne. Da wuya ya tambayi ko an yi wa dabbar allura kwana biyu kafin yanka, alhali kowane maganin dabbobi na da wa'adin da ya kamata ya fita daga jiki kafin a ci naman ko a sha nonon.

Dabarun noman ma akwai su a gida. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar shara da takin dabbobi daga birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, abin da ya sa suke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba hutu. A jihar Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen itatuwa su tofo a gona, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ciyar da ƙasa. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska ba tare da ko ɗigon magani ba, asalinsa daga binciken da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka yi tare da takwarorinsu na Kamaru a Marwa a ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen yankin.

Suna ma na iya zama kariya. Hukumar OAPI, wadda hedkwatarta ke nan Yawunde, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku rajistar asali a 2013, daga baya kuma kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu irin wannan rajista. Ba shaidar "bio" ba ce, amma tana ɗaure kaya da wurin da ya fito da kuma yadda ake yin sa.

Tsafta na nan a matsayinta

Kada kalmar "bio" ta rufe ido daga haɗarin da ya fi kusa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta nuna cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma a Afirka kaɗai ana rasa kimanin 137,000. Mafi yawan wannan daga ƙwayoyin cuta ne masu kawo gudawa. Latas ɗin da bai ga feshi ba, amma aka shayar da shi da ruwan kwata ko aka zuba masa ɗanyen kashin kaji, yana iya kwantar da mahalarta biki gaba ɗaya. Taki sai ya ruɓe sosai kafin a kai shi lambu, ganyen da za a ci ɗanye kuma sai an wanke shi da ruwa mai tsafta.

Daga ina mai girki za ta fara?

Ba wanda ke sa ran mai tuwo a Nkomkana ta mayar da tukunyarta "bio" gaba ɗaya, masu cin abincinta 'yan acaɓa ne da leburori da ɗalibai, kuma kowane dala na da lissafi. Amma akwai matakan da ba su fi ƙarfinta ba.

Na farko, ta fara da kayan da suka fi haɗari, wato waɗanda ake ci ɗanye ko ba a ɓare su: latas, tumatir, kabeji, kokwamba. Ta nemi mai lambu ɗaya ko biyu da za ta riƙa saye a wajensu kai tsaye, ta je ta ga lambun da ruwan da ake ban ruwa da shi.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu girki biyar ko goma da ke adashi tare na iya haɗa odarsu ta mako, su yi magana da manomi tun kafin ya shuka. Abin da dillalai biyu ko uku za su ci a tsakani sai a raba shi tsakanin manomi da masu girki.

Na uku, wake da masara da gyaɗa a saye su da kaka, a adana a buhun PICS ko a durom mai murfi da ba ya shan iska. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi.

Na huɗu, a bi kaka. Lokacin da tumatir ya yi tsada shi ne lokacin da aka fi matsa wa gona da feshi. Miyar kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yakuwa, da zogale, da daddawa abinci ne da iyaye suka dogara da su a irin wannan lokaci, kuma itatuwan kuka da ɗorawa ba wanda ke yi musu feshi.

Na biyar, a rage zubarwa. A bukukuwa da yawa ana dafa abin da ya fi ƙarfin taro don gudun kunya. Mai girkin da ta san adadin baƙi, ta auna, ta kuma ware ɓawo da ragowar ganye ga masu lambu ko masu kiwo, ta samu rarar da za ta sayi kaya masu kyau da ita.

Masu ba da kwangila su ma da nasu. Kwamitin masallacin da ke ciyar da masu buɗa-baki a watan azumi, da makarantar Islamiyya mai ciyar da ɗalibai, da iyalin da ke aurar da 'ya, duk suna tambayar nawa ne kwano. Idan suka ƙara da tambayar daga ina kayan suka fito, kuma suka yarda su biya ɗan abin da ya hau, saƙon zai bi ta hannun mai girki zuwa Mokolo, daga Mokolo zuwa Nkolondom da Foumbot da Marwa. Halin da Briqueterie ke ciki shi ne na Sabon Zongo a Accra, da zangon Kumasi, da unguwannin Hausawa a Libreville da Abidjan: baƙi ne da suka riƙe wani babban kaso na abincin birni ba tare da sun mallaki gonakin kewayensa ba. Ƙarfinsu na cikin yawan abin da suke saye kullum da kuma sanayyar da ke tsakaninsu da masu kawo kaya, kuma rigakafi ya fi magani.